Waiwaye: Rumbun Maigida da Gwangwanin Uwargida a Ƙasar Zuru

A ƙasar Zuru gumi ya riga kuɗi shiga maganar aure. Saurayin Badakkare da yarinya ta kwanta masa a rai, fartanya yake ɗauka. Zai shiga ƙungiyar samari tsararrakinsa, su yi ta bin gonakin surukai suna nomewa, yau ta surukin wannan, gobe ta surukin wancan, damina bayan damina har shekara bakwai, kafin a ɗauki yarinyar a ba shi. Wannan shi ne golmo, kuma har yau idan lokacin bikin Uhola ya zo, bayan amfanin gona ya shigo gida, ba a rasa jin zancensa a bakin dattawa. Wanda ya yi golmo ya shiga aure da karatu biyu a kansa. Ya san jira. Ya kuma san cewa ranar da ya sunkuya a gonar surukin abokinsa ajiya ya yi, zai tarar da ita ranar da layi ya zo kansa. A riƙe wannan na biyun, domin da shi za a fahimci mazan Zuru da yawa na yau, waɗanda matansu ke cewa hannunsu ba ya riƙe kuɗi.

Gidan da amarya ke tarewa a wancan zamani, dukiyarsa a tsaye take a tsakar gida. Ga rumbun maigida cike da dawa, ga 'yar gonar matar inda take shuka gyaɗa da wake da kuɓewa, ga kajinta, ga akuyarta a turke. Saɓani a kan kashewa da ajiyewa ba yau ya fara ba, a lokacin ma ana yi. Maigida zai so a fidda dawa don bikin ɗan'uwa ko zaman makoki, uwargida kuma tana ƙirga watannin da suka rage kafin sabuwa ta nuna, domin ita ce za ta tsaya gaban murhu a tsakiyar damina idan rumbu ya yi ƙasa, yara suna kallon hannunta. Sai dai gardamar tasu a kan abu ɗaya take, abin da su duka biyun za su iya leƙawa su gani. Ba wanda zai ce babu alhali akwai.

Aikin soja ne ya shigo da albashin wata cikin gidaje da yawa na wannan ƙasa. Tun zamanin Turawa aka san mutanen Zuru da sanya kaki, kuma da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967, rundunar Najeriya ta tashi daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000 a 1970, samarin Dabai da Fakai da Danko da Wasagu da Sakaba suka shiga da yawa. A cikin 'ya'yan ƙasar aka sami irin su Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya zama Sarkin Zuru, da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Amma zancena yau na kurtu ne da kofur da saje, wanda ya ɗauko matarsa daga ƙauye ya kai ta barikin Kaduna ko Ibadan ko Inugu, ya ajiye ta a ɗaki ɗaya, babu gona, babu turke. Daga gishiri har itace sai an saya, kuɗin sayen kuma suna aljihun mutum ɗaya, shi kaɗai ya san nawa ne.

Matan sojoji ba su naɗe hannu ba. Kasuwar mami da ke kusan kowane bariki a yau ta samo sunanta daga wata matar soja 'yar ƙasar Idoma, Mammy Ochefu, wadda ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959. Matan Zuru sun shiga irin wannan kasuwa da tuwon dawa da ƙosai da kunu, suka haɗa adashi a tsakaninsu, kowace ta sami inda take ɓoye kwasarta. Daga nan gida ya koma aljihu biyu, kuma kowane aljihu a rufe yake.

Sai ga Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara albashi, a farkon 1975 aka biya ma'aikata ariyas na watanni a dunƙule. Mutanen da ba su taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka ba suka wayi gari da su a hannu. Aka sayi rediyo da keke da babur, aka yi wa ɗakunan iyaye rufin kwano, aka ƙara aure. Kafin shekarar ta fita tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100. A gidaje da yawa, a wannan shekara ce mata suka yanke wa mazansu hukuncin da bai goge ba har tsufa: wannan mutumin, kome aka ba shi zai ƙare.

Akwai wani tsohon saje da matarsa a unguwarmu da suka rayu cikin wannan duka, kuma su da bakinsu suke ba da labarin, wani lokaci suna katse juna. Shi mutum ne mai buɗaɗɗen hannu. Duk ɗan Zuru da ya sauka a garin da yake aiki, ɗakinsa ne masauki. Ƙannensa biyu shi ya riƙe karatunsu. Idan wasiƙa ta zo daga gida an yi rasuwa ko za a yi biki, kafin ya kai ƙarshenta ya san abin da zai aika. Ita kuwa tana da gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, cikin tsofaffin kwanuka, inda take naɗe takardun kuɗi da zare. Ta ce duk wata sai sun yi magana iri ɗaya.

"Maigida, wata bai raba ba, ina albashin?"

"Yana wurin mutane."

"Mutanen za su kawo mana tuwo ran ashirin ga wata?"

"Maman yara, ranar da na faɗi, su za su ɗauke ni."

A ƙarshen watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe kan iyakoki, ta ba mutane kwanaki kaɗan su kai tsofaffin kuɗinsu banki, kuma abin da za a canza wa mutum hannu da hannu bai wuce naira 5,000 ba. Ranar nan gwangwani ya fito. Ta zazzage shi a kan tabarma, ya zauna yana warware zare yana ƙirgawa, ya ga abin da bai taɓa zaton akwai shi a ɗakin ba. Shi ya je ya bi layin banki ya canzo mata, bai taɓa ko kwabo ba. Amma ya ce ya daɗe bai huce ba, don ya tuna ranakun da ya cire hula ya roƙi rance a wurin na ƙasa da shi, alhali kuɗi na kwance a ƙarƙashin gadon da yake barci a kai. Da ya faɗa mata haka, amsarta ɗaya ce: "Da na nuna maka su, da yanzu suna ina?" Ya ce bai sami abin cewa ba, kuma har ya tsufa bai samu ba.

Bayan ya ajiye aiki kuɗin sallama suka yi jinkirin fitowa. Kuɗinta ne suka sayi filin da suka gina a Zuru, awakinta ne suka riƙe makarantar yara. Da ciwo ya kwantar da shi kuwa, ƙaramin ƙanen nan da ya yi wa karatu shi ya ɗauki nauyin asibiti, ya kuma tafi da ɗansu ɗaya ya riƙe har ya gama sakandare. Sauran da suka ci tuwon ɗakinsa shekara da shekaru, yawancinsu ko gaisuwa ba su aiko ba. Wannan ma tana faɗa a gabansa, shi kuma ba ya musu.

Abin da na ɗauka daga gidan nan, na kuma yi ta ganinsa a wasu gidaje, shi ne yawancin faɗan da muke kira na mai ɓarna da marowaci, faɗa ne na masu ajiya biyu da kowanne ke da rumbun da ya amince da shi. Maigida yana zuba nasa a cikin mutane, kamar yadda kakansa ya yi a golmo. Uwargida tana zuba nata a cikin abin da za ta iya taɓawa da hannu: akuya, buhu, zubin adashi, ɗan kunnen zinari. Shi yana tsoron ranar da zai nemi mutum ya rasa. Ita tana tsoron ranar da za ta ɗora tukunya babu abin zubawa, ko ranar da za a ce ta fita, ko ranar da zai rasu dangi su zo rabon gado. Kowannensu tsoronsa na gaskiya ne, kuma kowannensu ya ga wanda abin ya faɗa wa.

Kuma shekarun nan sun nuna mana babu ma'ajiyar da ba ta taɓa cin amanar mai ita ba. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa watan Fabrairu na 2023, mai tsofaffin kuɗi a gida ba a karɓa, mai kuɗi a banki ba ya iya cirowa, 'yan POS suna sayar da naira da naira, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni, wanda ya ci abinci cikin kwanciyar hankali a Zuru shi ne mai dawa a ɗaka, da kuma wanda mai shago ya san shi har zai rubuta masa bashi. Wato hatsin uwargida da mutanen maigida. Daga nan aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ma'anarsa, matar da ta ƙulle naira 100,000 shekara guda ba ta taɓa ba, ta buɗe ta tarar abin da za su saya bai wuce na naira 74,000 na bara ba. Ba ta kashe ba, ba a sace ba, kuma sun ragu.

Sai a ce to a mayar da su dabba. Wannan ita ce tsohuwar dabarar mata, kuma ta daɗe tana aiki, har 'yan bindiga suka shigo. A watan Yuni na 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu a hari guda, kuma a irin waɗannan hare-hare ana kora shanu da tumaki da awaki gaba ɗaya. Rayukan da aka rasa ba a haɗa su da kome, amma a cikin abin da aka kora akwai tarin shekara goma na matan da ba su da asusun banki. Da suka gudo Zuru da Ribah da abin da ke jikinsu, gidajen dangi ne suka buɗe musu ƙofa, dangin nan da ake yi wa maigida faɗa a kan yana kashe musu kuɗi. Hatsi ma ya yi tasa: waɗanda suka ga tsadar 2024 suka saye buhuna suka jibge suna jiran bazara, da yawansu sun sayar ƙasa da yadda suka saya da farashi ya faɗo a 2025. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Gidan da miji da mata suka bambanta a wurin ajiya ya fi gidan da duka suka bi hanya ɗaya samun abin kamawa, in dai kowanne ya san da ajiyar ɗayan.

Ba ina wanke kowane mai kashe kuɗi ba ne. Akwai ɓarna tsagwaronta, kuma mun san ta. Mutumin da ya sayar da rabin dawarsa da kaka, lokacin da ta fi araha, don ya ƙara aure ko ya zauna a mashaya, sannan ya dawo da damina yana sayen tiya da tsada, bai ajiye kome a wurin kowa ba. Haka saurayin magidanci da albashinsa ke ƙarewa a cacar ƙwallo ta waya. A ɓangaren mata ma akwai wadda kwasar adashinta ba ta wuce anko da gasar kayan ɗaki. Akwai kuma rowa ta ainihi, ta mutumin da yaro ke zazzaɓi yana cewa a jira gobe, kuɗi na aljihunsa. Waɗannan ba bambancin ra'ayi ba ne, cuta ce, kuma iyaye da limamai da fastoci su kira ta da sunanta idan an kawo musu ƙara. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi musu kuɗin goro da mutumin da ya biya wa ɗan ƙanwarsa kuɗin jarrabawa, ko matar da ta hana kanta sabon zane don ta sayi tunkiya.

Inda na fi jin tsoro shi ne ɓoyo, domin yau ya fi sauƙi fiye da zamanin gwangwani. Malamin firamare, ma'aikacin ƙaramar hukuma, soja, ma'aikacin Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, duk albashinsu alat ne a waya, ya karanta ya goge. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma mata nawa ne suka san ainihin abin da ke shigo wa mazansu, da abin da banki ke cirewa na bashi kafin ya iso? Ita ma tana da nata asusun a waya, da lambar sirrin da ko 'yarta ba ta sani ba. Idan ka tambayi mata dalili, amsa biyu za ka ji: in ya sani zai ranta ba zai biya ba, ko in ya sani zai janye hannu daga cefane, ya tara nasa ya yi mini kishiya. Idan ka tambayi maza, za su ce in ta san adadin, buƙatu za su tashi su cinye shi. To sai kowa ya yi ta kukan babu, kowa kuma ya san ɗayan bai faɗi gaskiya duka ba. Na ga gidan da maigida ya rasu, matar ta yi wata da watanni tana yawo ba ta san bankin da kuɗinsa suke ba, ba ta san wanda yake bi ba, sai masu binsa ne suka san hanyar gidan.

Raba aljihu ba laifi ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana nazarin tattalin arzikin manoma, ta tarar matan kulle suna ciniki daga cikin gidajensu, kuɗinsu daban da na mazansu. Shari'ar Musulunci ta ɗora ci da sha da sutura da muhalli a kan miji, ta bar wa mace dukiyarta, ba ya taɓawa sai da yardarta. Kuma ƙarar miji mai maƙo tsohuwa ce: Hindu 'yar Utba ta kai kukan mijinta Abu Sufyan wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon yadda aka saba. A gidajen Kirista ma, zumuntar mata a coci ta daɗe tana koya wa mata sana'a da tanadi. Mace ta riƙe nata, namiji ya riƙe nasa. Amma abin da gidan zai ci, da bashin da ke kan gidan, da inda ajiya take idan ta Allah ta kasance, waɗannan uku ba na mutum ɗaya ba ne, kuma mabuɗin fito da su fili yana hannun maigida. Ranar da ya ranci kuɗin matarsa ya biya cif a ranar da ya ambata, ba tare da ta yi bi ba, ya sayi gaskiyar da za ta faɗa masa gobe. Ranar da ya ce ai ni da ke ɗaya ne ya haɗiye, ya koya mata ƙarya da hannunsa.

Wani manomi da na sani a hanyar Dabai ya sami tasa mafitar, kuma ba daga littafi ba. Shi ma mai buɗaɗɗen hannu ne, matarsa kuma mai ƙulli. Idan an gama sussuka an ɗure buhuna, ba ya kai ko ɗaya kasuwa sai sun tsaya su biyu a zaure. Ita ke faɗin buhu nawa gidan zai ci har sabuwa ta shigo, domin ita ke awo kullum, kuma abin da ta faɗa shi ake warewa, ba a ragi. Sai a ware iri, a ware na taki da na makarantar yara. Kuɗin da ya ranta a wurinta da damina don biyan 'yan ƙwadago, a nan yake sayar da buhu ya ƙirga mata su a hannu. Daga nan sai ya ware nasa na zumunci: na biki, na gaisuwar rasuwa, na ɗan'uwan da zai zo da kuka. Waɗannan buhunan ba ta da magana a kansu, ko wa ya ba, ko da wanda ba ta so ne. In sun ƙare kuwa sun ƙare, ba ya tsallakawa zuwa na ci. Bara sun ƙare masa tun kafin ruwan farko, sai ga bikin 'yar yayansa ya taso. Ya je ya same ta a madafa ya ce, "Uwargida, ki ranta mini akuya ɗaya zuwa kaka." Ta ce ya kira ƙanensa ya zama shaida. Ya kira shi, ta kwance akuyar ta ba shi, da kaka ya biya ta kuɗinta kafin ya ɗinke bakin buhun farko.